Gonakin Camphill da matasa masu jinkirin fahimta: abin da suke koyarwa da inda suke gazawa

Akwai wata rana mai nauyi ga iyayen da Allah ya ba ɗa mai jinkirin fahimta, wato ranar da makaranta ta sallame shi. Yaro ya kai shekara 18 ko 19, ƙarfi ya zo masa, yana son a ce shi ma yana da abin yi, amma babu mai ɗaukarsa aiki, babu kuma makarantar gaba da za ta karɓe shi. Sai zaman gida, sai kallon talabijin, ɗan abin da ya koya kuma ya riƙa zubewa. Ko a Ingila, inda hukuma ke kashe kuɗi sosai a wannan fanni, kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na manya masu wannan lalura da ƙananan hukumomi ke tallafa wa suke da aikin albashi. Gonakin Camphill, inda masu wannan lalura ke zama tare da masu kula da su suna aikin gona da sana'o'in hannu, na cikin tsofaffin wuraren da ke tunkarar wannan matsala, kuma ya kamata a dube su da idon basira, domin galibi yabonsu kawai ke isowa kunnen iyaye da masu neman aikin sa kai.

A ganina, wajen koya wa matashi aiki da hannunsa da sa shi ya ji cewa ana bukatarsa, da wuya a sami tsarin da ya fi wannan. Sai dai ingancin bai rataya a kan sunan Camphill ba. Ya rataya ne a kan mutanen da suka daɗe tsaye a gonar, kuma wannan shi ne abin da ya fi bambanta daga wuri zuwa wuri.

Wani likitan yara ɗan ƙasar Ostiriya, Karl König, shi ne ya assasa tafiyar. Ya baro ƙasarsa a 1938 bayan 'yan Nazi sun mamaye ta, ya sauka a arewa maso gabashin Sikotilan, inda wasu matasa 'yan gudun hijira irinsa suka haɗu da shi. A 1940 suka tare a wani gida mai suna Camphill a gefen birnin Aberdeen, suka fara zama gida ɗaya da yara masu bukata ta musamman, a zamanin da ake kulle irin waɗannan yara a manyan asibitoci. A 1955 aka buɗe ƙauyen Botton a arewacin Yorkshire domin manya. Yau akwai irin waɗannan wurare fiye da 100 a ƙasashe sama da 20. Daga cikin waɗanda suka keɓanta da matasa akwai Coleg Elidyr a Wales, da The Mount a kudancin Ingila, da Triform a jihar New York ta Amurka. A Afirka akwai su a Afirka ta Kudu, akwai kuma na ƙauyen Otse a Botswana, kan hanyar Gaborone zuwa Lobatse, wanda ya fara da makarantar yara a 1974 kafin a ƙara sashen horar da matasa. Babu uwar ƙungiya guda da ke juya su duka. Wasu na ƙarƙashin gidauniya ɗaya, wasu na cin gashin kansu. Saboda haka kyawun wani ba shaida ba ne a kan wani.

Matasan da ake karɓa sun haɗa da masu lalurar Down (wadda ake haihuwar mutum da ita, take kawo jinkirin girma da fahimta), da masu otizim (lalurar da ke wahalar da mu'amala da mutane da jure sauyi), da waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta sami rauni wajen haihuwa. Da yawansu suna da farfaɗiya a kan haka. Wurin ba asibitin masu taɓin hankali ba ne, ba kuma a yi wa kowa alkawarin warkewa. Abin da ake nema shi ne mutum ya iya abin da zai iya, ya rayu cikin jama'a.

Ranar aiki kusan iri ɗaya ce kullum, kuma da gangan aka yi haka. A tashi wajen ƙarfe bakwai, a karya kumallo tare a teburi ɗaya, a taru a faɗi wanda zai je ina, a fita aiki wajen tara. Akwai hutun shayi da hantsi, sai abincin rana wanda shi ne babban abinci, sai hutu na kamar awa guda, a koma aiki har wajen biyar. Matasan na zaune a gidaje, mutum biyar zuwa goma ko fiye, tare da masu kula da su. Wanda ya zo daga waje zai ga kamar rayuwar ta cika maimaici. Amma ga matashi mai otizim, wanda sauyin ba-zata ke tayar wa da hankali, sanin abin da zai biyo baya shi ke ba shi natsuwar da zai iya koyon wani abu.

Yadda ake koyar da aikin

A nan ne ƙarfin tsarin yake, kuma akurkin kaji ya isa misali. Kaza mai ƙwai na cin kimanin giram 120 na abinci a rana, kaji 50 ke nan suna bukatar kilo 6. Ba a ce wa matashin ya auno kilo shida. Ana ba shi bokiti da aka ja wa layin fenti daga ciki, a ce ya cika zuwa layi. Wajen kwasar ƙwai ma ba a dogara da ƙidaya: akwai tire mai gurbi 30, akwai kwali mai gurbi 6, idan gurabe sun cika aiki ya cika. Wanda bai iya ƙirga goma ba zai shirya ƙwai ɗari ba kuskure. Mai datti ko mai tsaga a ware shi a kai kicin ɗin gida, domin a Birtaniya ba a wanke ƙwan da za a kai shago. Wanki na cire siririn rufin da ke hana ƙwayoyin cuta shiga ta ɓawo. A jikin bango akwai hotunan matakan a jere, kuma hoton shi matashin ne yana yin aikin, ba zane ba, domin wasu ba sa haɗa zane da abin da ke gabansu.

Abubuwa biyu ne suka fi lalacewa a akurki. Na farko, ƙara abinci saboda ƙauna: yana son kajin, sai ya riƙa zuba musu, abinci ya zube a ƙasa ya jawo ɓeraye. Na biyu, mantawa da sakata da yamma, dare ɗaya yanyawa ta gama da kajin. Maganin na farko shi ne kada buhun abinci ya zauna a akurki, bokitin ranar kawai ake fitarwa. Na biyun kuma a mayar da rufe ƙofa matakin ƙarshe da ke da hotonsa, sannan wani ma'aikaci ya bi baya ya duba ba tare da matashin ya gani ba, don kada ya ji ba a yarda da shi ba.

Malamin gona da ya san aikinsa yakan fara koyarwa daga ƙarshe. Idan cika tukunyar shuka na da mataki shida, shi zai yi biyar, ya bar wa ɗalibi na shida, wato ɗora tukunyar a layi. Bayan kwanaki ya bar masa biyu na ƙarshe, haka har ya riƙe duka. Amfanin wannan shi ne kullum ɗalibin ne ke kammala aikin, shi ke ganin sakamako. Taimako ma hawa-hawa ake janye shi: da farko hannu a kan hannu, sai taɓa gwiwar hannu, sai nuni da yatsa, sai kalma ɗaya, sai shiru. Kuskuren da sababbin masu taimako suka fi yi shi ne yawan magana. Su jero umarni huɗu a numfashi ɗaya, idan ba su ga motsi ba su sake faɗa da wasu kalmomin daban, alhali matashin yana kan narkar da na farkon ne, kuma sabon furucin ya mayar da shi baya. A faɗi abu ɗaya, a yi shiru na daƙiƙa goma, idan za a maimaita a maimaita da kalmomin farko.

A lambu ana farawa da iri mai girma da yatsa zai kama: wake, kabewa, dankalin turawa. Irin karas da na latas sun yi ƙanƙanta, sai daga baya. Wajen dashe akwai katako mai tsagi-tsagi a tazarar da ake so, santimita 30 ga latas, kamar 45 ga kabeji. A shimfiɗa shi a bakin igiya, a dasa a kowane tsagi, a matsar da shi gaba. Cire ciyawa, wanda mutane ke ɗauka shi ne mafi sauƙi, shi ne mafi wuya, domin yana bukatar a bambanta tsiro da tsiro tun suna ƙanana. Mai lambun da ya tura sabon ɗalibi cikin karas mai mako uku, to ya haƙura da karas ɗinsa. Sai a bar shuka ta yi girman da ba za a ruɗe ba, ko a ja igiya a kan layin a ce duk abin da ba ya ƙarƙashinta a tuge. Ban ruwa ma na da nasa tarkon: aiki ne mai daɗi, sai a yi ta zubawa har ƙananan tsirrai su ruɓe daga tushe. Ƙa'idar da ke aiki ita ce buta ɗaya ga tebur ɗaya, sannan a tsoma yatsa a ƙasa kafin a zuba.

Ga masu ƙarfin jiki da ba sa iya zama wuri ɗaya, babu kamar baro da tulin taki. Kwashe kashin shanu daga turke, tura shi zuwa tuli, jera shi da ciyawa da ragowar ganye, juya shi idan zafin cikinsa ya fara sauka bayan ya kai digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyas. Aiki ne mai farko da ƙarshe da ido ke gani, kuma masu kula da gidaje sun san cewa wanda ya yini yana tura baro yakan ci abinci sosai ya yi barci da wuri.

Tatsar shanu ita ce aikin da ya fi ɗaukaka mutum a idon 'yan uwansa, ita ce kuma ta fi haɗari. Sau biyu a rana, safe da yamma, ba Lahadi ba ranar biki. A wanke hannu, a goge kan nono, a tatsi ɗigon farko a kofi mai baƙin gindi a duba ko akwai gudaji, wanda alama ce ta ciwon hantsa, a maƙala injin, a cire idan madara ta tsaya, a tsoma kan nonon a maganin kashe ƙwayoyin cuta. Duk wannan matashi zai iya koya cikin watanni. Abin da bai kamata a bar masa shi kaɗai ba shi ne saniyar da ke kan allurar magani. Ana ɗaura mata jan ƙyalle a ƙafa ko wutsiya, madararta zubarwa ake yi, idan kuwa ta shiga tanki to madarar ranar duka ta tashi a banza. Wani abin lura kuma shi ne yawancin waɗannan gonaki na bin ƙa'idar noman da ta hana cire wa shanu ƙaho. Ga makiyayinmu saniya mai ƙaho ba labari ba ce, amma a turken da aka rufe, kusa da mutumin da ba ya saurin kaucewa, sai an ba da fili sosai, kuma saniyar da ta haihu kwanan nan ba a barin ɗalibi ya shiga tsakaninta da maraƙinta.

Inda ake yin cuku, kamar Loch Arthur kusa da Dumfries wanda ya yi suna da cukunsa da shagon gonarsa, kusan lita 10 ta madara ke ba da kilo ɗaya na cuku mai tauri. Juya dunƙulen a kan kanta, goge bayansu, naɗewa, manna takarda, duk ayyuka ne da mai son maimaici yakan fi kowa ƙwarewa a kansu. Kuma mutanen gari suna zuwa su saya da kuɗinsu saboda kayan na da kyau. Wannan ne ya raba gonar da wuraren da ake ba matasa takarda da fenti don kawai lokaci ya wuce. Saniya na jiran a tatse ta da gaske, idan Wane bai zo ba, za a ji rashinsa, shi ma ya san haka.

Inda gizo ke saƙa

Gona na son amfani, koyarwa na son haƙuri, kuma biyun sukan yi karo. Idan manomin na da odar kayan lambu da zai kai shago ƙarfe goma sha ɗaya, zai karɓe wuƙar ya yanka da kansa, ɗalibi ya koma riƙe kwando. Idan aka yi haka wata shida, a takarda yana sashen lambu, a zahiri ɗan kallo ne. Akwai kuma akasin haka: a sami wanda ya iya abu ɗaya, a ce wanke bokitan madara, a bar shi a kai shekara uku saboda ya sauƙaƙa wa kowa. Wurin kirki yana da rubutaccen buri ga kowane matashi, ana duba shi lokaci-lokaci tare da iyaye, ana kuma zagaya da shi sassa daban-daban a shekarar farko kafin shi da kansa ya zaɓi inda zai zauna.

Lafiya ma sai an sa ido. Kashin dabbobi, musamman na 'yan maruƙa da 'yan tumaki, na ɗauke da ƙwayoyin da ke sa gudawa mai tsanani, wasu har su taɓa ƙoda, kuma matashin da ke yawan kai hannu baki ya fi kowa shiga haɗari. Man goge hannu na kwalba bai wadatar ba, sai ruwa da sabulu, a bakin turke ba a can cikin gida ba. Makero na kamuwa daga maraƙi. Rigakafin tetanus, ciwon sandarewar jiki da ke shiga ta rauni, wajibi ne. Mai farfaɗiya ba a sa shi aiki shi kaɗai kusa da tafki ko a kan tsani ko gaban inji, kuma duk wanda ke tare da shi dole ya san cewa idan faɗuwa ta wuce minti biyar ana kiran motar asibiti, ya san inda maganin gaggawarsa yake, ba a ce yana can kulle a ofis ba. Kusan rabin masu lalurar Down ana haihuwarsu da matsalar zuciya, saboda haka kafin a ba su aikin ɗaukar nauyi sai an ji daga likita. Wasu kuma ba sa faɗin cewa sun ji ciwo ko sanyi ya kama su. Ana ganewa ne daga sauyin hali. Ƙarar tarakta ko injin yankan itace na iya birkita mai otizim har ya gudu ko ya ciji hannunsa, abin da toshin kunne da gargaɗin minti biyar kafin a tayar da inji ke magancewa.

Akwai kuma ranar da za a kai ɗan maraƙin da matashin ya yi rainonsa mayanka. Wuraren da suka san aiki ba sa ɓoyewa. Tun dabbar na ƙarama ake faɗa masa wadda za ta zauna da wadda za ta tafi, a bar shi ya yi sallama. Wanda aka ce wa an kai ta wata gona, ranar da ya gano gaskiya ya daina yarda da mai faɗar.

Babban rauni a ganina shi ne yawan sauyin fuska. Tsarin ya daɗe yana dogara da matasa masu aikin sa kai, da yawansu Jamusawa da suka gama sakandare, waɗanda ke zuwa na wata shida zuwa shekara. Suna kawo kuzari da fara'a, ba a musu. Amma mutumin da ke ɗaukar wata uku kafin ya saki jiki da baƙo, da ya saba sai a ce masa baƙon zai tafi, a kawo wani da zai fara koyon alamunsa daga farko. Inda akwai manomi da uwar gida da suka shekara goma a wurin, sauyin ba ya girgiza kowa sosai. Inda babu su, kowace kaka gidan sabo yake komawa.

Shi ma tsohon tsarin, na mutanen da ke zama gida ɗaya da masu lalura ba albashi, ana biya musu bukatunsu daga asusu ɗaya, ya ragu ƙwarai a Birtaniya. A Botton an yi doguwar takaddama wajen 2014 da 2015, har gaban kotu, lokacin da gidauniyar da ke riƙe da ƙauyen ta nemi mayar da irin waɗannan mazauna ma'aikatan albashi. Kowane ɓangare na da hujja. Ma'aikacin da ke zuwa ya tashi a kan lokaci yana da hutu, yana da mai duba aikinsa, amma ba ya zama ɗan gida. Mazaunin dindindin ɗan gida ne, amma rufaffen wuri da kowa ya san kowa yana iya zama inda ƙorafi ba ya fita. A 2017 hukumar da ke duba irin waɗannan gidaje a Ayalan ta soke rajistar Camphill na Ballytobin saboda damuwa kan kare mazauna, hukumar lafiya ta ƙasar ta karɓi wurin. Wannan ya isa dalilin da zai sa kowane uba ya karanta rahoton masu duba kafin ya karanta takardar tallar wurin. A Ingila da Sikotilan rahotannin a buɗe suke a intanet, kyauta.

Batun aƙida kuma bai kamata a rufe shi ba. König almajirin tunanin Rudolf Steiner ne, wani masanin falsafa ɗan Ostiriya, kuma rayuwar Camphill ta ginu a kan wannan tunani da kuma bukukuwan Kirista. Ana rera addu'a kafin cin abinci, a wurare da yawa akwai zaman karatun Littafi Mai Tsarki daren Asabar, shekara kuma na tafiya ne da Kirsimeti da Ista da sauran ranaku. Yawancin wuraren suna karɓar mai kowane addini, ba sa kuma tilasta wa kowa. Amma iyali Musulmi su tambaya dalla-dalla: ana kiwon alade, kuma za a iya cire ɗansu daga wannan sashe? Ina ake samo nama? Wa zai tuna masa lokacin salla, ya taimake shi da alwala idan yana bukata? Matashin da ke bin abin da ya ga kowa na yi ba zai ce a'a da kansa ba, sai an rubuta a cikin tsarin kula da shi.

Noman nasu ma daga laccocin da Steiner ya yi a 1924 ya samo asali. Wani ɓangarensa noma ne mai kyau da kowa zai yarda da shi: takin gargajiya, juya amfanin gona, haɗa kiwo da shuka, gudun maganin feshi. Wani ɓangaren kuwa, kamar cusa kashin saniya a ƙaho a binne tun kaka har bazara, a tono, a ɗebi kaɗan a dama a ruwa na tsawon awa guda a yayyafa wa gona, ko bin taurari wajen shuka, imani ne na mabiyansa, ba abin da kimiyya ta tabbatar ba. Amfanin wannan salo ga ɗaliban a wani wajen yake: ya bar ayyukan hannu da yawa da gonar zamani ta miƙa wa inji, ya kuma nisanta su da guba.

Kuɗi ba na wasa ba ne, domin kwana da ci da kulawar dare da rana ake biya. A Birtaniya galibi ƙaramar hukuma ke ɗaukar nauyi bayan ta auna bukatar mutum, kuma iyaye kan sha fama kafin a amince. A Ingila takardar tsarin ilimi da lafiya da kulawa, wadda dokar 2014 ta kawo, tana iya rakiyar matashi har shekara 25. Daga nan sai a koma tambayar farko: ina za shi? Wasu na samun gurbi a ƙauyukan manya irin su Newton Dee, amma gurabe kaɗan ne. Wanda ya ƙware a tatsa aka mayar da shi bene na huɗu a tsakiyar birni, ƙwarewar ba ta da inda za ta zauna. Wurin da bai fara shirin fita tun shekara guda kafin lokaci ba, da gwajin aiki a wata gona ko shagon kayan lambu kusa da garin iyaye, ya yi rabin aiki ne.

Ga mai son zuwa aikin sa kai

Wannan ya shafi matasanmu kai tsaye, domin tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, Turawan ma sai da biza, kuma ƙofar a buɗe take ga 'yan wasu ƙasashe. Bizar ma'aikacin jinƙai ce, ba ta wuce wata 12, ba albashi, ba ta kai mutum ga zaman dindindin, kuma sai an shekara kafin a sake neman irinta. Ana bukatar shekara 18, da shaidar ɗaukar nauyi daga wurin da ya karɓe ka, da fam 1,270 da suka kwana 28 a asusu sai dai idan wurin ya tsaya maka, da gwajin tarin fuka ga ɗan Nijeriya ko Nijar da zai wuce wata shida. Wuraren kuma kan nemi takardar 'yan sanda. Ana nema ne kai tsaye daga shafin kowane wuri, a yi hira ta bidiyo. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya samo maka gurbi, ɗan damfara ne.

Abin da za a ba ka ɗaki ne da abinci da ɗan kuɗin kashewa, ba abin aika wa gida ba. Aikin kuma bai tsaya a gona ba: akwai yi wa babban mutum wanka, da raka shi bayan gida, da wanke zanin da ya ɓata, da tashi cikin dare. Namiji ko mace da ba za su iya yi wa wani jinsi wannan ba su faɗa tun a hira. A Aberdeen cikin Disamba rana ba ta fitowa sai wajen tara saura, ta faɗi wajen uku da rabi, ga ruwa ga iska, a Yuni kuma har bayan goma na dare da haske, abin da mai salla da azumi zai yi wa shiri. Wanda ya je da niyyar koyo zai dawo da sana'ar da muke da ƙarancinta, domin a garuruwanmu ma ana ba irin waɗannan matasa kiwo da ɗiban ruwa, abin da ya rage shi ne tsarin koyarwar, kuma layin fenti a bokiti da katako mai tsagi ba su da tsada.

Iyayen da za su kai ziyara kuwa su je ranar aiki, ba ranar biki ba, su nemi a bar su su tsaya a turke ko lambu na awa guda. Su duba hannun wa ke riƙe da kayan aiki. Su tambayi manomin shekararsa nawa a wurin, mutum nawa ke ƙarƙashinsa a lokaci guda. Idan sun wuce uku ko huɗu ga mai taimako ɗaya a aikin dabbobi, sun yi yawa. Su nemi ganin wurin wanke hannu, da takardar da ake rubuta haɗurra, domin wadda babu komai a cikinta alama ce ta rashin rubutawa. Su tambayi inda ɗaliban da suka gama bara suke yanzu. Sannan su nemi a ba ɗansu makon gwaji, wanda yawancin wuraren ke yi kafin karɓa, su kuma saurari abin da zai ce ko zai nuna bayan ya dawo, domin akwai matashin da warin turke da laka da sanyi ba za su taɓa yi masa ba, kuma gidan burodi ko ɗakin saƙa na wurin ne zai fi dacewa da shi.